Kafin mu rushe soron Baba: tarihin ginin ƙasa daga Yama zuwa Dandaji

 Waɗanda sunka saba jin muryata a rediyo sun san ba ni da gajeriyar magana. To yau ma sai haƙuri, rubutun na da ɗan tsawo.

Gardama ce ta cikin gidanmu ta sa na ɗauko wannan tarihi. Kowa na tune da damanar 2024. A faɗin Nijar mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, har komawa lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Mu Allah ya taƙaita mana: bangon gabas na soron mahaifinmu ne ya tsage, indararo ya faɗi, ruwa ya bi jikin bangon ya zaizaye gindinsa. Da yayana da ke Abijan ya ga hoton, sai ga bokal ɗinsa: "Ku rushe shi gaba ɗai. Na gaji da jin kunya. In Allah ya so bana zan aiko kuɗin siminti da tol, a yi ma tsoho ɗaki irin na mutane." Na kunna ma Baba ya saurara. Ya yi shiru, can ya ce: "Ka gaishe shi, Allah ya yi mai albarka. Amma ku bar ni inda nike iya barcin rana."

Gaskiya da farko bayan yayana nike. Ni ɗan lakwal ne, kuma tun muna CEG abin da ya zauna mana a kai shi ne gidan kirki sai na siminti mai tagar gilashi. Kalmar banko, wato ginin laka, ba ma jin ta sai in ana zancen talauci. Sai da na zauna na bi tarihin gini a jiharmu ta Tawa na ga abin da ya ba ni mamaki: gine-ginen jihar nan da suka samo kyautar duniya, na ƙasa ne.

Mu fara daga gida. A nan Adar Allah ya ajiye mana abu biyu a ƙofa, dutse da laka. Kakanninmu kan haƙo ƙasa a bayan gari, su kwaɓa ta da ruwa da dakakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwan biyu ta yi danƙo, a yi tubali, rana ta busar. Bango ya tashi da kauri. In an zo rufi sai a gicciya itace, a shimfiɗa ƙirare da zana, a zuba laka a daɓe, a fitar da indararo. Wanda ke ganin aikin nan ba ilimi ba ne, ya je ya tsaya gaban rumbun laka irin namu na Adar, mai ciki kamar tulu, bango siriri, ba ƙarfe ba siminti, yana ɗauke da hatsin shekara.

Sai dai ginin nan na da sharaɗi biyu, kuma ina roƙon ku riƙe su don duk labarin a kansu yake tafiya. Na farko itace: giginya ko goriba ko wani icce mai ƙarfi da zai ɗauki nauyin rufi. Na biyu hannuwa: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau sama an toshe tsaga, an sake yaɓe, an gyara indararo. Da gayya ake yin wannan. Yau gidanka, gobe gidana, a dama fura, a gama kafin azahar.

To yanzu mu bar Babankatami mu yi yamma, ƙasar Illela, wajen Badagishiri. Akwai wani gari da ake ce ma Yama. A 1962, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Ba su tafi Yamai neman injiniya ba. Aikin suka danƙa ma wani ɗan garin, manomi kuma magini, Falke Barmu, wanda daga baya duniya ta san shi da Alhaji Falke Barmu. Kowa ya kawo abin da yake iyawa. Wani ya buga tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya saro itace, wanda ba ya iya aikin ƙarfi ya ba da hatsi ko kuɗi. Abin da suka fara samu ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere suna ɗauke da rufi, da wurin liman ya ɗan fito ta gabas. Ba ado, ba hasumiya.

Da a nan aka tsaya da yau ba mu zancensa. A 1975 rufin ya buƙaci gyara, sai Falke ya mai da gyaran wata dama. Ya sake rufin a kan bakuna, irin lanƙwasar nan da magina ke kira bakan gizo. Ya cire ginshiƙi ɗaya a tsakiya don a sami fili, ya ɗora tulluwa a kai. Kuma ga inda basirar take: manyan itatuwa sun yi wuya, to sai ya riƙa ɗaure ƙananan sanduna dami-dami, yana binne su cikin laka suna zama ƙashin bakan. Abin da wani zai ɗauka itacen hura wuta ne, shi ya mai da shi abin ɗaukar rufi. Daga nan ya shiga gina hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar uwarta. Kowace da faɗinta a gindi, tana tsukewa tana hawa, da nata irin kai. Aikin bai kammala ba sai 1982. Shekara 20 ke nan, ana noma da damina, ana gini da rani.

A 1986 masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda aka kafa a 1977 kuma ake bayarwa duk shekara uku ga fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi. A birnin Marakesh na Maroko aka yi bikin. Kafin shi, a 1983, masallacin laka na Niono a Mali ya ci irinta. Ku tsaya ku auna: manyan masu zanen gini da suka yi karatu a Turai da Amurka na cikin takara, alƙalai suka ɗauko manomin Yama suka sa shi a sahunsu. Ni na yi shekara bakwai tsakanin kolaji da lise a jihar nan, an koya mini sunayen fadojin sarakunan Faransa, ban taɓa jin sunan Falke Barmu a aji ba. Wannan abin har gobe yana ci mini rai.

A daidai shekarun da ake ɗora tubalin Yama, can kudu a Malbaza gwamnatin Diori Hamani na kafa masana'antar siminti ta farko a Nijar, SNC, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960. An zaɓi wurin ne saboda farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti yana kwance ƙarƙashin ƙasar. Ke nan hanyoyin biyu a jiha ɗaya aka haife su, kusan lokaci ɗaya. Duk wanda ya bi gudiron Ƙonni zuwa Madawa ya ga dogayen rumbunan masana'antar, musamman na sabuwar da aka gina a ƙarshen shekarun 2010. Amma a farkon lamari siminti na gwamnati ne: ofis, likita, ajin lakwal, gidan kwamanda. Talakan ƙauye na ganinsa daga nesa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne fari. Na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 da tsofaffinmu ke kira El Buhari. Itatuwa sunka mutu, waɗanda sunka saura gatari ya bi su. Sharaɗi na farko ya karye. An yi ƙoƙari ƙwarai wajen mai da itace: tun 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, nan ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aka buɗe Porje Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, ana biyan ma'aikata da abinci, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka jera duwatsu, aka yi madatsun ruwa. Waɗanda suka ga aikin sun san yawancin masu ɗaukar dutsen nan mata ne. Ina mazan? Suna biɗa.

Nan sharaɗi na biyu ya karye. Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce ga Adarawa, amma bayan fari ta zama dole. Watannin da ya kamata a hau soro a yi yaɓe, su ne watannin da gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Wa za ka kira gayya? Shi ya sa nake cewa kar kowa ya zagi ɗan biɗa don ya rufa ma uwarsa ɗaki da tol. Lissafinsa daidai ne. Tol ba ya son gyaran shekara-shekara, gara ba ta cin sa, ba ya ruftowa kan mutane da nauyin laka tsakar dare. Mutumin da ke tura baro a Abijan, in hadari ya haɗu a gida, yana son ya kwanta da kwanciyar rai. Daga baya ne abin ya zama na gasa: wane ya yi bila, wane ya ɗora bene, wane ya sa ƙofar ƙarfe mai fenti.

Kuɗin da muka biya kuwa, a watan Afrilu da Mayu ake ganinsa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Tol kuwa nan take yake ɗauka ya sauke maka a ka, shi kuma bulon siminti siriri ne, rami ne a cikinsa. A Yamai mai hali ya sa kilim. A ƙauyen da ba kuran fa? Ku zaga unguwa da azahar cikin bazara, ku ƙirga ɗakunan siminti nawa ne ke kulle, masu su na kwance gindin bedi ko cikin tsohon zauren laka na maƙwabci. Mun gina ɗakin ajiye kaya da kuɗin zufar shekara biyar.

Akwai waɗanda suka nemi mafita tun da wuri. A 1980, a garin Shikal na ƙasar Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya ma magina gini ba itace: rufin tulluwa da na baka da tubalin laka zalla, dabarar da ta fito daga ƙasar Nuba a kudancin Masar, wadda mai zanen gini Hasan Fathi ya farfaɗo da ita. An horar da magina da dama a Nijar da Mali da Burkina. Amma a wurare da yawa mutane sun ɗauke shi ginin porje, ba na gida ba, wasu kuma tsoron kwana ƙarƙashin rufin da ba icce ya hana su.

Sai mu koma ƙasar Illela, garin Dandaji. Akwai tsohon masallacin laka a can, na gidan su Falke Barmu, da ya tsufa ya kuma yi ma jama'a kaɗan. Shawarar farko irin ta yayana ce: a rushe, a yi na siminti. Sai wata ƴar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara karatun kwamfuta kafin ta koma ta karanci zanen gini a jami'ar Washington a Amurka, ta kawo wata shawara tare da abokiyar aikinta ƴar Iran, Yasaman Esmaili. Aka gyara tsohon masallacin aka mai da shi ɗakin karatu, aka gayyato magina na gargajiya cikin aikin. Gefensa aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum wajen 1000, da doguwar hasumiya. Aka sa ma wurin suna Hikma, don tunawa da gidan ilimin nan na Bagadaza, Baitul Hikma. An gama a 2018, kuma aikin ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a gasar LafargeHolcim ta 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018. Abin dariya, LafargeHolcim ɗin nan kamfanin siminti ne.

Da me aka gina sabon? Da jar ƙasar wurin. Sai dai ba tubalin hannu ba ne, matsattsen bulo ne. Ana tankaɗe ƙasa, a ɗan jiƙa ta, galibi a zuba mata siminti kaɗan, a sa ta cikin injin matsi, ta fito da kusurwa tsaf kamar an yanka da wuƙa, a bar ta ta bushe ba tare da ƙonawa ba. Injin irin wannan na hannu tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro shi a ƙasar Kolombiya, ba ya son kuran, ƙarfin mutum biyu ya ishe shi. An yi amfani da kankare inda ginin ke buƙatar ƙashi, sauran aka bar ma ƙasa, aka kuma buɗe hanyoyin da iska za ta shiga ta fita da kanta. Kafin Dandaji, a 2016, Mariam da abokan aikinta sun yi gidajen kwana masu bene da irin wannan bulo a babban birni, aikin da suka kira Niamey 2000. Maƙwabcinmu Francis Kéré na Burkina, da ya fara da ginin lakwal ta ƙasa a ƙauyensu Gando, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker a 2022, kyautar da ta fi kowace girma a sana'ar.

Na san abin da wasu za su ce: Dandaji garin manya ne, nan aka haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, abin da aka yi a can ba a iya yin sa a Babankatami. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ba mu da kuɗin hayar mai zane daga Yamai. To Yama fa? Wane babba gare su a 1962?

Kar kuma a ɗauka waƙar laka na zo rerawa. Laka tana kisa in an yi mata sakaci. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube cikin ruwan sama, da yawanmu mun ga bidiyon a waya. Gidajen da suka faɗi a damanar nan, mafi yawansu na laka ne. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma hasumiyar Agadas mai mita 27 ita ma laka ce, tana tsaye ɗaruruwan shekaru, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sandunan da ke fitowa a jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Tana tsaye ne don ba a daina hawanta ba.

Ruwa ta wuri biyu yake cin ginin ƙasa: ta gindi in ya kwanta, ta sama in ya sami tsaga. Mun ƙara ma kanmu matsala ta uku, muna gini kan hanyar ruwa da wuraren da kakanninmu suka bari da gangan. Akwai ma ta huɗu da ta zama yayi, wato shafe bangon laka da siminti. Ido na ganin kyau, amma siminti da laka ba su riƙe juna, danshi na shiga tsakani ya rasa mafita, wata rana shafen ya ɓallo faifai guda ya tarar bangon ya riga ya ruɓe. Shi ma simintin ba tsira ba ne in an yi ha'inci. Mun sha ganin bulon da aka ja buhu ɗaya aka cika shi da rairayi, ka murza da yatsa ya zube.

A Oktoban 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin ɗari don mutane su sake gini. Abu ne mai kyau, ni ma na yi murna. Tambayata ita ce inda za mu zuba buhunan. Ton ɗaya buhu 20 ne. In ka ce bango duka na siminti, ba su kai ka ko'ina ba. In ka zuba su a harsashi tare da dutsen da Allah ya watsa mana kyauta a kan tudu, ka ɗaga gindin gini sama da inda ruwa ke kaiwa, ka ɗaure saman bango, ka yi indararo mai tsawo, sauran ka bar ma ƙasa, buhunan nan sun yi aikin ninkinsu. Wanda ya fi son tol ya sa abinsa, amma ya ɗaga shi sama da rufin ƙasa ya bar iska ta ratsa tsakani, yadda Kéré ya yi a Gando. Kuma da meri ko wata ƙungiyar ƴan biɗa za ta sayi injin matsi ko guda ɗaya, a horar da samari, da an ga bambanci cikin rani biyu. Ƴan biɗarmu sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya, wannan bai fi ƙarfinsu ba.

Game da gidanmu, ga yadda ta ƙare. Na je na ɗauko tsohon maginin da ya taya kakanmu ɗora soron yana saurayi. Ya zaga ginin da sandarsa, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Ya ce: "Ɗana, bango ukun nan sun fi ka sauran kwana. Na gabas ne ruwa ya ci ma ƙafa." Aka sauke na gabas, aka haƙa harsashi aka jera dutse da siminti har gwiwa, aka mai da tubali a kai, aka sa sabon indararo na ƙarfe. Sauran kuɗin yayana ya gina nasa ɗakin na bulo da tol a bakin ƙofa, da fenti shuɗi, don kowa ya san ɗan gidan na Abijan. Ban hana shi ba, zufarsa ce.

Ranar da aka gama na raka tsohon maginin har gida, na ce: "Baba, cikin yaranka wa ka koya ma ɗaurin baka?" Ya ƙirga mini su da yatsa. Biyu na Libiya, ɗaya na tuƙa babur a Ƙonni, ƙaramin ya iya gini amma na bulo. Na roƙe shi ya zo rediyo mu ɗauki muryarsa yana bayanin yadda ake zaɓen ƙasa da yadda ake lanƙwasa baka. Ya ce sai an gama girbi, kuma in aiko mai da abin hawa don ƙafar ta fara gardama.